Tawada a Ƙirjin Kafinta

Insfekta bai gama karyawa ba aka kira shi daga mutuware. Likitan gawa ne, tsohon abokin tsokanarsa, mutumin da bai taɓa buga wa kowa waya don gaisuwa ba.

"An kawo mini wani kafinta, wai ciwon ƙirji ya kashe shi. Ni kuwa na ga huda a gefensa. Zo ka gani kafin 'yan'uwansa su cinye ni ɗanye."

Gawar dattijo ce, siriri, hannayensa duk kanta. Likitan ya fara daga kai, kamar yadda ya saba. Ya danna ƙashin bayan kunne, ya bi muƙamuƙi da yatsa, ya taɓa zakaran wuya.

"Ba a doke shi ba, ba a shaƙe shi ba. Amma matso ka duba nan."

A ɗan ramin da ke gindin wuya akwai ɗigo shuɗi, ya dushe. Wani ɗigon na kan tudun ƙashin ƙirji. Daga nan suka jeru ta gefen dama har ƙasan hammata, inda hudar take.

"Biro ne," in ji likita. "An wanke da sabulu, tawadar ta ƙi fita."

"Wa ke zane a jikin mara lafiya?"

"Ɗalibai. Mu da hannu ya faɗa, yatsa ya ishe mu." Ya kamo yatsan Insfekta ya ɗora a ƙirjin Insfektan. "Ka ji tudun nan, in kitse ya bar ka? Haƙarƙarin da ke gefensa shi ne na biyu. Na farko ya ɓuya a sama, ba ya taɓuwa. Daga nan ake ƙirge. Mai zanen nan ruwan da ya taru a ƙirji ya so ya zuƙe, sai ya sauka ƙasa da inda ya kamata, allura ta sami hanta. Jini ya yi ta zuba ta ciki."

Shagon kafintan a gaban gidansa yake. Garin katako ko'ina, ga wani teburi da ba a sa wa ƙafa ta huɗu ba. Matarsa na zaune a falo, idanu sun kumbura.

"Mama, Allah ya jiƙansa. Me ya huda shi a gefe?"

"Ƙusa ce, ranka ya daɗe. A shago ya faɗi a kanta."

"Wanda numfashi ya gagara, me ya kai shi shago?"

"Ai ba ya jin magana. Asibiti ma ƙi ya yi."

Insfekta ya dubi bango. Akwai kanta mai kyau, an goge ta sumul, aikin hannun wanda yake ƙaunar mai ita. Manyan littattafan likitanci ne a jere a kai.

"Na wa ne waɗannan?"

"Na autarmu. Ba ta gida ranar," matar ta faɗa da sauri, tun ba a tambaye ta ba.

Mai kyamis na bakin layi ya rantse bai taɓa sayar da doguwar allura ba, bai ma san kamanninta ba. Insfekta ya miƙa hannu ya sauko da kwalin alluran daga bayan mai kyamis ɗin. Nan take mutumin ya tuna komai.

"Matar marigayi ce ta saya, yallaɓai, da babban sirinji. Ce mini ta yi aiko ta aka yi."

Da Insfekta ya koma gidan, dattijuwar ta riga ta yafa mayafi, ta sa takalmi, tana jiransa kamar mai jiran mota.

"Ni ce. Ni na soka masa. Mu tafi."

Abin ya taɓa zuciyarsa ƙwarai. Ya ga masu ƙarya iri-iri a aikin nan, duk don su kuɓuta suke yi. Wannan kuwa kurkuku take nema da ƙafarta, ga tsufa, ga ciwon gwiwa. Da ya rubuta abin da ta ce, da fayil ya rufu a ranar, shi kuma da bai ƙara barci mai daɗi ba.

Ya zauna, ya ɓalle maɓallan rigarsa na sama.

"To, Mama, nuna mini a jikina yadda kika gano wurin."

Ta miƙo hannu, ta rasa inda za ta dosa, ta nuna wajen cibiya.

"Umma, ya isa haka."

Budurwa ce a bakin ƙofar ɗaki, doguwa kamar mahaifinta, fuskarta ta faɗa. Ta zo ta durƙusa kusa da uwar.

"Ke ce ɗalibar?"

"Ni ce. Ni na aiki Umma. Ni na yi komai."

"Rufe mini baki!" in ji uwar.

"Bar ni in faɗa, Umma." Ta juyo. "Tun da na shiga makarantar, a jikinsa nake koyo. Sai ya tuɓe riga ya zauna kan bencin shago, in yi ta ɗiga masa biro, yana dariya wai na mai da shi allo. In maƙwabta sun wuce sai ya ce su zo su ga likitarsa. Da ciwo ya yi tsanani na yi roƙon duniya mu je asibiti. Ya ce wane asibiti, ga likita a gida? Numfashinsa na sarƙewa, yana riƙe da hannuna, yana cewa ya yarda da ni. Na ga ana yi, amma ban taɓa yi ba. Wallahi na bi komai daidai. Har yanzu ban san abin da ya faru ba."

"Ƙirga mini, 'yata. Yadda kika yi masa."

Yatsanta sanyi ƙalau. Ta sa shi a ramin gindin wuyansa, ta gangaro a hankali har ta sami tudun, ta zame gefe kan haƙarƙari.

"Ɗaya," ta ce.

Insfekta ya runtse ido. Da ma a ce wani ne zai faɗa mata.

"Biyu ne, 'yata."

Ta tsaya cak. Leɓɓanta na motsi, tana sake ƙirgen a zuci. Ya ga lokacin da ta gane, don hannun nan sulalewa ya yi daga ƙirjinsa. Ba ta yi ihu ba. Ta kifa kai a cinyar uwarta, uwar ta rufe ta da mayafin da ta yafa don zuwa kurkuku.

Ya bar su suka yi kukansu. Sajansa da ke jira a waje ya leƙo da ankwa, Insfekta ya watsa masa harara, Sajan ya mai da ita aljihu.

"Zan rubuta duk yadda aka yi," ya ce wa uwar. "Har da ƙin asibitin, har da roƙon da ta yi. Sauran na alƙali ne."

A bakin mota yarinyar ta tsaya.

"Ranka ya daɗe, da na ce biyu, da Baba yana raye?"

Shi ma ya yi wa likitan gawa wannan tambayar, kuma likitan ba ya ɓoye-ɓoye: ya ce da yana raye. Insfekta ya buɗe mata ƙofar gaba, ba ta baya da ake sa masu laifi ba.

"Ciwon ya riga ya ci jikinsa," ya ce. "Shiga, 'yata, rana na dukanki."

Ta dube shi, ta san ƙarya yake yi. Ta ce ta gode, ta shiga.