Ladidi da Gwangwanin Sitaci

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata yarinya Ladidi. Ranar sunan ƙanenta, innarta ta ce, "Auno sitacin masara gwangwani ɗaya, ki dama wa baƙi kunu."

Ladidi ta zuba ta danna, ta ƙara ta danna. Har za ta juye, sai ta ji gwangwanin ya yi nauyi. Kunyar tambaya ta kama ta, amma ta daure.

"Inna, a danne ake aunawa?"

Inna ta jinjina gwangwanin, ta rage, ta yi dariya. "Da kin juye wannan, da baƙinmu sun ci tuwo ba miya."

Ladidi ta yi ajiyar zuciya. Kunu kuwa har aka nemi ƙari.