Lamba Ɗari Uku da Arba'in

Da hantsi Tani ta faɗo caji ofis na Malumfashi tana haki. Jiya aka sace mata bijimin huɗa mai ƙararrawa a wuya, ga shi damina ta sauka, gonar audugarta ko kunya ɗaya ba a ja ba.

Sufeto Maitama ya hau kekensa ya bi ta ƙauye. A turke ya lura igiyar kwance ta aka yi, ba yanka ta aka yi ba.

"Iya, wa bijimin nan yake yarda da shi?"

"Daga ni sai Labo mai yi mini huɗa. Kowa ya matso sai ya sha ƙaho."

Aka kira Labo. "Ranka ya daɗe, jiya tun safe ina Kafur wajen suna. Sai magariba na dawo."

Sufeto yana jinjina maganar sai ga Malam Kayode, malamin gona, rataye da rikodarsa. Jiya ya yini yana ɗaukar hirar manoma kan irin auduga.

Sufeto ya ce, "Malam, ko ka yi hira kusa da burtalin shanu?"

"Na yi da Isyaku, bayan azahar."

"Yanzu sai mun saurari zaren rikodar nan duka?"

Kayode ya yi dariya, ya nuna wata 'yar taga mai lambobi a jikin na'urar. "A'a. Duk hirar da na fara sai in rubuta lambarta. Ta Isyaku ɗari uku da arba'in ce."

Ya murza zaren, lambobi suka yi ta gudu, ya tsayar daidai wurin. Muryar Isyaku ta fito tana kukan tsutsa ta cinye masa auduga. Can bayansa sai ƙararrawa, ƙilin-ƙilin, sannan wata murya: "Tafi mana, sarkin taurin kai! So kake Tani ta gan mu?"

Jama'ar da suka taru suka gane muryar Labo, suka tuntsire da dariya. Labo ya zube ƙasa.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Yana ɗaure a kwari bayan gonata. Mahauta na yi niyyar kai wa."

Tani ta rangaɗa guɗa, ta nufi kwari da gudu kamar ba tsohuwa ba.

Sufeto ya sa wa Labo ankwa. Sun ɗan taɓa tafiya sai Labo ya waiwayo.

"Malam Kayode, don Allah sake kunnawa sau ɗaya. Ashe haka muryata take?"