Raka'a Huɗu a Ɗakin Hajiya

"Legas kuma? Ba da yawuna ba!"

Abin da kakata Hajiya Barira ta fara faɗa ke nan tun Suhail bai gama durƙusawa ba. Ni kuwa ina laɓe a bayan labule. Ita ta raine ni a gidanmu na Ƙofar Jatau tun rasuwar Ummata, shi ya sa Abba ya ce maganar aurena tana hannunta. In ta ce a'a, shi ke nan na rasa Suhail, don a Legas aikinsa yake.

"Hajiya, ai yanzu Legas kusa ce," ya ce cikin ladabi. "In an hau jirgi daga can zuwa Kaduna, awa ɗaya da 'yan mintoci ne. Sai Fiddausi ta karya kumallo a gidana, ta yi Azahar a gabanki."

Bawan Allah, har da murmushi! Shi a zatonsa ya gama da tsohuwar. Bai san 'yar malamai ba ce gaba da baya.

"Kusa ko? To in ta taso daga kusan nan taka, ƙasaru za ta yi ko cika sallah?"

Suhail ya sosa ƙeya.

"Ƙasaru, Hajiya... tunda nisan tafiya ake dubawa, ba saurin abin hawa ba."

"Ka ji da bakinka! Inda ake rage sallah ba kusa ba ne."

Sai kuma ta sassauta murya.

"Yarinyar da na koya wa sallah a ɗakin nan, ta dawo mini baƙuwa? Ta yi raka'a biyu ta sallame, ta saɓa jaka ta wuce?"

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ina son Suhail har cikin raina, amma wallahi tausayinta ya kama ni. Na banko labule na faɗa jikinta.

"Hajiyata..."

"Ke tafi can, marar kunya! Ashe laɓe kike?"

Suhail ya ɗago kai.

"Hajiya, matafiyin da ya yi niyyar kwana huɗu a gari, ai cika sallarsa yake, ko?"

"Haka ne."

"To na yi miki alkawari, ba zan taɓa kawo ta ziyarar da za ta yi ƙasaru a gidan nan ba. Duk zuwa sai ta zauna ta cika raka'a huɗu a ɗakinki."

Hajiya ta ƙura masa ido. Na ga gefen bakinta yana motsi, tana danne dariya.

"Kwana huɗu? Ji min marowaci! Sati biyu."

"Kwana goma, Hajiya, ki tausaya wa ango..."

"Sati biyu na ce! Kai ka yi ta ƙasarunka a hanya, ba ruwana."

Dariya ta ƙwace mini alhali hawayena ba su bushe ba. Suhail ya saci kallona ya ce ƙasa-ƙasa, "Sahibata, ki sa baki mana."

Na girgiza kai, na ƙara ƙanƙame Hajiya. Ita kuwa ta share mini fuska da gefen mayafinta, ta ce masa:

"Tashi ka je ka ce wa iyayenka su zo ranar Juma'a. Na ba ka ita."