Adireshin da Ya Zare Zoben Jucélia

Jucélia ta zare zoben daga hannunta na dama ta ajiye shi a kan tebur, kusa da gahawar da ta huce tun safe.

"Ɗauki abinka."

Edvaldo bai ɗauka ba. Yana tsaye a bakin ƙofar ofishin da hular kwano a hannu, rigarsa jiƙe da gumi, don daga kan falwaya ya sauko da ta kira shi. Ya dubi zoben baikon, ya dubi ɗan'uwansa da ke nasa hannun. Saura ƙiris a coci a mayar musu da su hagu, kowa ya san sun zama miji da mata.

"Ju, sanyin idona, ki tsaya ki ji..."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan. Matso ka gani."

Ta juya masa fuskar kwamfuta. Aikinta ke nan a kamfanin mahaifinta, tsoho Genival: gadin saba, babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet na ƴan kasuwar birnin Recife, masu leshi da takalma da kayan yara. Tun farkon mako wani abu ke dukan ƙofar sabar ba hutu, yana gwada kalmar sirri bayan kalmar sirri, har shafukan suka yi nauyi, masu saye suna gajiya da jira suna tafiya. Ta kwafi adireshin intanet ɗin da harin ke fitowa ta zuba a shafin da masu irin aikinta na duk duniya ke kai ƙarar miyagun adireshi. Jawur ya fito. An kai ƙararsa daga Jamus, an kai daga Japan, an kai daga Chile. A wurin sunan mai layin kuwa, ga sunan ƙaramin kamfanin Edvaldo, wanda ke raba intanet a tudun Casa Amarela.

Ta ce masa ita ba jahila ba ce. Ta san adireshi ɗaya yake raba wa gidaje masu ɗimbin yawa, daga nan ba za ta iya ganin ko wane gida ne ba. Amma shi yana gani. Sunan gidan kawai take so.

"Na duba," ya ce. "Na san gidan."

"To faɗi."

"Ba zan faɗa ba. Ki ba ni zuwa Lahadi, zan kashe maganar."

Sai aka ji dariya daga teburin baya. Wanderlan ne, ɗan abokin kasuwancin tsoho Genival, wani dogon banza da turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Ba a taɓa ganin ya gyara ko linzamin kwamfuta ba, amma kujerarsa ta fi ta kowa laushi. Ya daɗe yana lasar baki a kan Jucélia.

Ya ce ai abin a fili yake. Mutum na son shafukan tsoho su mutu, ƴan kasuwa su koma wurinsa, ga ƴa ya samu ga kasuwa. Gidan da ba ya faɗuwa, ai gidan mai layin ne da kansa.

Jucélia ta jira Edvaldo ya ƙaryata. Ko tsawa ya daka, da ta ji sanyi. Sai kawai ya kifa hularsa ya juya, ya bar zoben a kan tebur.

Ta ja tsaki ta jefa shi cikin jaka. Sannan ta zauna ta toshe adireshin gaba ɗaya, alhali ta san abin da hakan ke nufi: duk wanda ke kan layin Edvaldo, mai laifi da marar laifi, ba zai ƙara buɗe shafi ɗaya na kamfanin ba. Har da gidansu, don tun farkon neman aure Edvaldo ya ja musu waya kyauta. Ta ce a ranta kowa ya ɗanɗana.

Tsoho Genival da ya ji labari, har da tafi. Dama can bai taɓa ƙaunar yaron ba. Kyautar layin ya karɓa hannu biyu, amma mai kyautar bai taɓa wuce "ɗan hawa falwaya" a bakinsa ba. Ya ce ya faɗa tun farko, mutumin da ke wuni a sama kamar biri ba shi da abin da zai ba ƴar mutunci. Matarsa Zuleide ta ci gaba da tsince wakenta, sai dai tana jefa shi cikin kwano da ƙarfin da bai kamata ba.

Kwanakin nan Jucélia ta yi su da taurin wuya. Saƙonsa na shigowa, ba ta buɗewa. Abin haushin, babban yatsanta ya ƙi ya manta, kullum sai ya kai kan gurbin zoben yana shafawa. Tana kama kanta ta cije leɓe. Harin kuwa bai tsaya ba. Ya daina cutarwa tunda an rufe masa ƙofa, amma tana ganinsa a wayarta yana ta duka, kamar mahaukacin da bai san an tashi kasuwa ba.

Ranar Lahadi aka zuba abincin rana, wake da shinkafa da kifi a madarar kwakwa, ga garin rogo a gefe. Wanderlan ya zo ba a gayyace shi ba, ya zauna a kujerar da Edvaldo ya saba zama, ya ci har da ƙari. Da la'asar aka koma falo kallon ƙwallo.

A ƙarƙashin talabijin akwai wata ƴar baƙar dikoda, ba ta fi tafin hannu ba. Wanderlan ne ya kawo wa tsoho ita ranar zagayowar haihuwarsa, irin waɗanda yake sayarwa daga bayan motarsa. Duk tashoshin duniya, ba biyan kowa. Tsoho yana ji da ita fiye da yadda yake ji da jikokin ƙanwarsa.

Ana tsakar wasa hoto ya fara tsayawa. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya daskare a haka. Tsoho ya hau zagin layin "ɗan falwaya", ya ce ko a nan ma mugunta yake musu. Jucélia ta ɗauki waya ta shiga na'urar intanet ɗin gidan, ba don komai ba sai don ta ƙara samun abin da za ta raina Edvaldo da shi.

Sai ta ƙura wa wayar ido.

A jerin abubuwan da ke kan layin, wayarta na nan, ta Mama na nan, duk lafiya. Abu ɗaya ne a gidan ke aman saƙo waje ba ƙaƙƙautawa, shi ya cinye layin. Ta ɗaga kai ta dubi ƴar fitilar da ke ƙyaftawa a ƙarƙashin talabijin.

Alƙalin wasa ya busa bugun daga kai sai mai tsaron gida. Tsoho ya miƙe tsaye, hannu a ka. Jucélia ta taka ta gabansa ta fizge wayar dikodar daga bango.

"Ke! Kin haukace ne?"

Ba ta ko dube shi ba. Idonta na kan wayarta, inda dukan ƙofar sabar ke hawa tun farkon mako. Ya tsaya cak. Ta mayar da wayar dikodar bango, ta jira ta farka. Dukan ya dawo. Ta sake cirewa, ya sake mutuwa.

"Baba," ta ce, muryarta a kwance, "ga ɓarawon da muke nema. A falonka yake, kai kake goge masa ƙura kullum da safe."

Ta yi masa bayani a gajarce, yadda ake wa yaro. Irin waɗannan dikodoji da cutarsu ake sayar da su. Kai kana kallon ƙwallo, ita tana wa wasu can aiki, tana fasa ƙofofin mutane da layinka. Tasa ba ta bar ma ƙofar mai gidanta ba.

Wanderlan ya goge baki ya ce ai kowa a garin nan yana da ita, shi bai san wani abu ba.

"Na yarda ba ka sani ba," in ji Jucélia. "Yaushe ka taɓa sanin wani abu? Amma bakin ɗora wa mutum sharri, wannan kam ka iya. Tashi daga kujerar nan, ba taka ba ce."

Ya dubi tsoho yana neman ceto. Tsoho na kallon ƙasa. Haka Wanderlan ya fita, turarensa ya daɗe bai bi shi ba.

A nan ne Zuleide ta ajiye tsumman hannunta ta buɗe baki. Ta ce yaron nan Edvaldo ya zo gidan nan cikin makon, ba sau ɗaya ba, da sabuwar dikoda ta halal a leda, yana roƙon a bar shi ya canza. Wannan tsohon ya kore shi daga bakin ƙofa, har da cewa zai sakar masa kare, alhali ko kyanwa ba su da ita.

"Ya ce in ba ka haƙuri, wai kar ƴarka ta ji. Kai yake rufa wa asiri, Genival, kana kiransa biri."

Jucélia ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta bincika ƙarar da aka kai daga Japan, ta karanta ta Jamus, ba ta taɓa juyawa ta dubi falon ubanta ba.

Ta ɗauki jakarta. Ta ɗauki dikodar ta cusa wa mahaifinta a hammata.

"Sa takalminka, Baba. Tare za mu hau."

Ya fara maganar gwiwa. Zuleide ta miƙo masa takalmin.

Matakalar tudun Casa Amarela ba ta tausayin kowa. Tsoho ya hau ta yana haki, yana tsayawa, mata na leƙowa ta taga, masu wasan domino a gindin mangwaro suna tambayarsa ko dikodar ta sayarwa ce. Ya ci gaba da hawa.

Sun tarar da Edvaldo a ƙofar shagonsa yana naɗe waya. Ya miƙe da sauri ya jawo wa tsoho kujera. Tsoho ya ƙi zama. Ya ajiye dikodar a ƙasa.

"Ɗana... na ci mutuncinka, kuma ba ka ci nawa ba. Ka yafe ni."

"Haba Baba, ya wuce. Zauna ka huta."

Jucélia ba ta zo da taushi ba. Ta tsaya a gabansa, hannu a ƙugu, idanu cike da ruwa.

"Kai kuma wane irin wawa ne? Kana kallo na cire zobe, ka yi shiru?"

"Da wane baki zan ce miki mahaifinki ne, a gaban wancan? Na ce gara ki tsane ni zuwa Lahadi."

"In da ban gano ba fa?"

"Ke? Ai na san wadda nake so."

Ta kai masa duka a ƙirji, ba mai zafi ba. Sannan ta zaro zoben daga jaka ta miƙa masa, ta miƙa hannun dama. Ya sa mata.

"Kar ka ƙara ɓoye min abu don kunyar kowa, ka ji ko, masoyi? Ko ni ce ɓarauniyar, ka faɗa min a fuskata."

Washegari ta cire toshiyar adireshin ta buɗe wa tudun ƙofa, ta rubuta wa masu shafin ƙarar cewa an gano cutar an cire ta. Sannu a hankali jan ya dushe daga sunan Edvaldo.

Ranar ɗaurin aure tsoho Genival da kansa ya riƙo hannunta har gaban coci, yana ɗingishi, don gwiwar ba ta yafe masa matakalar nan ba. Aka zare zobban daga dama aka mayar hagu.

Dikodar kuwa tana nan a ofis har yau. Da ita Jucélia ke tokare ƙofa in ana zafi, kuma duk safiya sai tsoho ya tsallake ta kafin ya kai kujerarsa.