Usur ɗin Babana

Ranar Talata, ƙarfe uku saura kwata, Stamatis ya sayi tikiti ya shigo kangon tarihi na Delfi ta ƙofar baƙi. Shekara huɗu da baikonmu, kullum ta bayan shinge yake biyo ni. Da na ga takardar a hannunsa na san abin da ya kawo shi.

Ni ce mai gadin tsohon ɗakin bautar gunkin Apollo. Aikina igiya da usur: duk wanda ya tsallake igiya, in busa masa. Babana ya shekara ashirin da tara yana wannan aiki kafin ya rasu. Usur ɗinsa ne a wuyana.

"Fotini, jirgina jibi ne."

"Na sani."

"Kamfanin ya ba ni ɗaki biyu a Rotterdam. Tagar na kallon ruwa... kin ce kina son ruwa."

"Mama fa?"

"Na je gidan tsofaffi na Amfissa na gani da idona. Akwai tsafta. Har lambu gare su."

"Lambu," na ce.

Ya san sauran zancen. Hankalin Mama ya gushe tun bara. A gida wani lokaci takan tambaye ni ko 'yar gidan wa ce ni. Amma kullum ƙarfe uku sai ta hawo dutsen nan da burodi da zaitun a cikin tsumma, ta miƙa wa mai usur. Usur ɗin kaɗai ta sani.

"Hasken idona, dube ni mana," in ji shi. "Kin zama kamar ginshiƙan nan. Su ma dai ana ɗaukarsu hoto suna murmushi."

Ban yi dariya ba. Ban ji komai ba, sai zafin rana a ƙeyata.

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar. Ya taka duwatsun har inda aka ce wata mai duba take zama a zamanin da, ya juyo, ya fara durƙusawa.

"A da, sarakuna kan yi tafiyar wata guda su kawo tambaya ɗaya nan. Tawa gajeriya ce, Fotini. Za ki..."

Na busa usur.

Sau biyu, gajeru, yadda Baba ya koya mini. Ban yi niyya ba. Hannuna ne ya riga ni. Baƙi kusan ashirin suka waiwayo.

Ya jima a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya fito.

"Ita waccan an ce amsarta a dunƙule take," ya ce. "Taki kam ko kurma ya ji."

Na zare zoben baikon daga hannun hagu. Da a ce ranar auren ta zo, a coci za a mayar da shi hannun dama. Ya karɓa, ya naɗe shi a cikin tikitin, ya gangara.

A matakala suka yi kiciɓis da Mama. Ya ba ta hanya. Ba ta gane shi ba.

Ta iso tana haki, ta ɗora mini tsumman a hannu.

"Lakis, ka ci," ta ce, da sunan Baba. "Na ji ka busa. Wani ne ya tsallake?"

"Baƙo ne. Ya fita."

"Ka yi daidai."

Na zauna a gindin ginshiƙi, na cinye burodin duka.