Fiton Saje Manjo

"Wato yau ma amsar ita ce in ƙara haƙuri?"

Auta ba ta ɗago ba. Tana jingine da ƙofar gidansu, tana murza bakin mayafinta kamar shi ya yi mata laifi.

Kofur, sojan da ke neman aurenta, ya cire hularsa ya share goshi. "An yi mini canjin wurin aiki, Auta. Ƙarshen watan nan zan tafi, kuma wurin da nisa. Kin ce in bari Umma ta fita takaba, na bari. Ta fita. Yanzu kuma me ya rage?"

"Ba zan iya barin ta ita kaɗai ba..."

"Wa ya ce ki bar ta? Haba rabin raina! Umma ai uwata ce. Gidan da aka ba ni zai ishe mu, mu tafi da ita."

"Ba za ta je ba."

"Saboda me?"

Sai a lokacin ta dube shi, idanunta sun yi jajur.

"Saboda Baba yana dawowa."

Kofur ya zuba mata ido. Shi da kansa yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar mahaifinta, Saje Manjo, a kafaɗa.

Kowa a unguwar ya san mahaifin Auta. Tun yana saurayi ya shiga soja, bai cire kaki ba sai da furfura ta cinye masa kai. A bariki, in ya daka tsawa kuratan soja har fitsari suke yi a wando. Amma da ya tako gida sai ya zama wani mutum daban. Shi ne wanke tukwane in Umma ba ta da lafiya, shi ne yi wa 'ya'yansa mata kitso, kitson da ko a bayan gida ba za ka so a gan ka da shi ba. In sun yi ƙorafi ya ce, "Ku yi shiru, wannan kitson yaƙi ne, ko iska ba ta warware shi."

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba a rayuwarsa: ƙwanƙwasa ƙofar gidansa. Ya ce a gidan soja bugun ƙofa ba alheri ba ne, masu kawo mugun labari ne ke bugawa. Don haka duk ranar da ya dawo daga fagen daga, tun daga kwanar layi yake fara wani ɗan fito mai hawa da sauka. Umma na ji sai ta yar da abin da ke hannunta ta ruga.

Harsashi ya neme shi shekara da shekaru ya rasa, sai ga shi ajali ya same shi a tsakar gidansa da hantsi, yana ɗaure wa Umma igiyar shanya. Ya zauna a kan turmi ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ke nan.

Umma ba ta yi kuka ba. Mata suka yi ta yaba tawakkalinta. Auta kaɗai ta san ba tawakkali ba ne, jira ne.

Ranar da aka watse zaman makoki, ana idar da sallar la'asar, fiton ya taso daga kwanar layi. Auta tana wanke-wanke, kofin da ke hannunta ya suɓuce. Umma kuwa ta miƙe tsam, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta je ta buɗe ƙofa. Babu kowa sai akuyar maƙwabta. Amma ƙanshin man goge takalmi ya cika zauren, irin wanda Baba yake amfani da shi.

Tun daga ranar haka ake yi kullum. Yayyen Auta suna gidajen aurensu, in ta kira su sai su ce kewa ce. Malamin unguwa ya ce wanda ya tafi ya tafi, a yawaita addu'a. Auta ta yarda da maganarsa har cikin ranta. Amma kunnenta fa?

"Shigo ka gaishe da Umma," ta ce wa Kofur da murya ƙasa-ƙasa. "La'asar ta kusa. Ka ji da kanka, kada ka ce na haukace."

Suka tarar da Umma a falo. Ta rame, wuyanta duk ƙashi. Kujerar Baba tana gefenta, an shimfiɗa mata sabon ƙyalle, takalmansa na aiki suna ƙasa a jere, suna sheƙi.

Kofur ya durƙusa. "Umma, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Kada dai ka zauna a nan, wurin maigidan ne."

Ya je masallaci ya dawo, suna zaune ana ɗan taɓa hira. Rana ta karkata, haskenta ya ratso labule ya kwanta a kan kujerar. Sai gidan ya yi tsit. Ko kajin da ke tsakar gida suka daina tono.

Fiton ya taso.

Daga nesa ya fara, siriri, yana hawa yana sauka. Ya matso. Ya ƙara matsowa har ya tsaya daidai bakin ƙofa. Tsigar jikin Auta ta tashi, ta damƙe hannun kujera. Umma ta kai hannu ga ɗankwalinta tana murmushi.

Auta ta juya don ta ga fuskar Kofur, sai ta gan shi tsaye ƙyam, ƙafa a haɗe, hannu a manne da cinya, gumi na tsiyaya daga gemunsa.

"Umma..." ya ce. "Na san wannan fiton."

"Kai ma ka ji ko?" Umma ta ce da murna. "Na faɗa musu! Cewa yake ya iso."

"Ina kurtu a ƙarƙashinsa ya koya mana shi, a daji. Ya ce soja ba ya barin wurin gadinsa ko ƙafarsa za ta karye. In ya gaji, sai ya yi wannan fiton, ya yi ta yi har wani ya zo ya karɓe shi. Umma, ba isowa yake cewa ba. Cewa yake ya gaji."

Murmushin Umma ya ɓace a hankali. Hannunta ya sauko daga kanta.

Fiton ya sake tashi, wannan karon a cikin zaure.

Kofur ya sa hularsa. Auta ta riƙo gefen rigarsa. "Don Allah kada ka je... masoyina, don Allah!"

Ya zare hannunta a hankali, ya taka zuwa zauren, ya tsaya yana fuskantar ƙofar da babu kowa. Ya buga ƙafa, ya sara.

"Ranka ya daɗe, na karɓi gadi! Umma da Auta suna hannuna. In ci su ci, in sha su sha, ba mai taɓa su ina numfashi. Ka je ka huta, ranka ya daɗe!"

Fiton bai sake tashi ba.

Iska ta ɗan motsa ƙofar, ta yi ƙara. Ƙanshin man takalmin ya yi ƙarfi har ya shaƙe Auta, sannan ya fara raguwa, ya bi ta ƙofa ya fice. A tsakar gida wata kaza ta ci gaba da tononta.

Wani irin sauti ya fito daga ƙirjin Umma. Ta zame daga kujera ta faɗi a kan takalman, ta rungume su.

"Wayyo maigida! Ashe ni na tsare ka? Duk wahalar da ka sha ba ta isa ba, sai da na ƙara maka? Allah Ya jiƙanka... Allah Ya yafe maka, Ya sa ka huta!"

Kukan da ba ta yi ranar rasuwa ba, ranar ta yi shi. Auta ta faɗa jikinta suka haɗa kai. Kofur yana bakin zaure, ya juya musu baya, kafaɗunsa na girgiza.

Washegari la'asar ta yi, ta wuce. Ba a ji komai ba.

Kafin wata ya ƙare aka ɗaura aure, ba wani taro, 'yan uwa ne da tsofaffin abokan aikin Baba da suka zo da sanduna suna ta tsokanar ango. Ranar tafiya Umma ce ta kulle gidan da hannunta, ta miƙa wa babbar 'yarta mabuɗin, ta shiga bayan mota kusa da amarya.

Sun fita gari ke nan Umma ta ce, "Ranar da ubanku ya kai ni bariki, a bayan motar kaya muka tafi, ni da katifa da wata tunkiya. Tun daga gida nake kuka har muka isa. Shi kuwa sai cewa yake wai tunkiyar ta fi ni haƙuri."

Suka kwashe da dariya, har da Umman, tana share ido da gefen mayafi. Can maganarta ta fara ja, kanta ya sauko a hankali ya kwanta a kafaɗar Auta.

Auta ta miƙa hannu ta taɓa wuyan mijinta da ke tuƙi. Ya dube ta ta madubi.

"Rage gudu, angona," ta raɗa masa. "Umma ta yi barci."