Kyanwar da Tela Ta Bari

Gab da magariba na ɗauki tsintsiya da makulli na nufi ɗakin ƙarshe. Gidan hayar nan shi kaɗai maigidana ya rasu ya bar mini, ga shi 'yan haya sun fara ɗaure kaya saboda kyanwar da ke ɗakin.

Da can ba na yarda da dabba. Amma ranar da wata tela ta zo neman ɗaki, ciwon gwiwa ya sa ni gaba, ko doguwar magana ba na so. Ta ce, "Inna, ni da 'yar kyanwata ce." Na ce, "Ku zauna har ku gaji." Telar ta yi zamanta ta tashi. Kyanwar ta ƙi bin ta.

Tun daga nan kunnena bai huta ba. Makanike ya ce yana jin takun mutum a saman silin. Matar direba ta ce jaririnta ba ya kallon ko'ina sai bangon ɗakin. Wallahi na gaji.

Na buɗe ƙofa. Na zaci zarni zai tare ni, sai na ji ƙamshin turare. Ɗakin a share tas, alhali ba mai shiga. Tana zaune a tsakiya, fara sol, tana kallona.

Na ɗaga tsintsiya. "Fita!"

Ko gezau. Inuwarta ce ta miƙe a jikin bango, ta yi ta tsawo har ta lanƙwashe a silin.

Ƙofa ta rufe a bayana, a hankali.

"Inna." Numfashi mai sanyi a bayan kunnena. "Ke kika ba mu izini."

"Da telar nake," na ce.

"Ku kika ce. Ni ban gaji ba."

Ban san yadda na lalubo ƙofar ba. Na dai tsinci kaina a tsakar gida da takalmi ɗaya, addu'a na sarƙe mini a baki.

Kafin wata ya mutu kowa ya kwashe. Yanzu mu biyu ne a gidan. Kullum da magariba ina ajiye madara a bakin ƙofarta, don ranar da na manta, a kan ƙirjina ta kwana. Gwiwar nan kuwa ƙara ƙi take yi, kuma har yau na kasa gaya wa 'yata abin da za ta gada.